Makullin Lasifikan Jelšinka

Mijin yayata, Vendelín Kocúr, wata bakwai ya yi a Ingila, amma yau shekara tara ke nan muna jin labarin. Aikin da ya yi can ɗaukar katifu ne a wani shagon gadaje, ya loda a mota, ya sauke. Da ya dawo ƙauyenmu Jelšinka, abu uku ya zo da su: katifa ɗaya da aka ba shi don ta yage a gefe, kwalin roba ta toshe kunne, da kuma Turanci. Turancin nan shi ya fi damunmu, don duk kalmar da ya sani ta kan gado ce. Ya san matashi, ya san bargo, ya san hamma da gyangyaɗi da mafarki. Amma ka tambaye shi yadda ake cewa ruwa ko burodi, sai ya ce Turawan da ya yi hulɗa da su manyan mutane ne, ba sa zancen ciki.

Abu na biyu da yake cika baki da shi barcinsa ne. Wai awa huɗu yake yi, shiru, ko numfashinsa ba a ji. Yaya Hedviga kuwa shekara talatin da ɗaya tana kwana a kan bencin kicin saboda munsharinsa. In ta faɗa sai a yi dariya, don ya riga ya zagaye gari da cewa nata munsharin take ji cikin magagi ta ɗora masa. Gidansu ne na ƙarshe wajen rafi, ba maƙwabcin da zai yi shaida. Ni na sani, na taɓa kwana gidan, amma aka ce ƙanwa dole ta bi bayan yayarta. Robar toshe kunnen ma ya hana ta ko ɗaya, wai in ya ba ta ya amsa laifin da bai yi ba.

To, maganar makulli. Lasifika ashirin da uku ne a kan falwayoyin Jelšinka, daga coci har gada, kuma duk wayarsu ta taru a wani ɗan ɗaki cikin ofishin ƙauye. Teta Filoména ce take riƙe da makullin ɗakin tun ina budurwa, a wuya take rataye shi. In za a ɗauke ruwa, ko mai kabeji ya zo, sai ta sa faifan kiɗa mai sauri, sannan ta yi sanarwa. In rasuwa aka yi, faifai mai taushi take sawa, kuma sunan farko da ta ambata bayan kiɗan shi ne na mamacin. A bazarar nan ta ce muryarta ta fara rawa, za ta koma birni wajen 'yarta.

Ba zan ɓoye ba, ina son makullin nan kamar in yi kuka. Shekara goma sha biyu ina karatu a coci ranar Lahadi, kuma duk sanda mura ta kama Teta ni nake riƙe mata. Kowa ya ɗauka nawa ne, har na sayi sabon zaren ratayawa.

Sai ga takarda daga Ingila cewa mawaƙan wata coci, mutum ashirin da shida, za su zo a watan Agusta, kuma a gidajenmu za a raba su su kwana. Shugabar ƙauye, wadda muke kira pani starostka, ta tara mu hankalinta a tashe, ta ce yaran da suka iya Turanci duk suna birni, wa zai nuna wa baƙi ko da wurin kwanciya? Kafin ta rufe baki Vendelín ya miƙe, ya gyara wando.

Ya ce baƙon da ya zo kwana, zancen kwana kaɗai yake bukata, kuma duk faɗin lardin nan ba wanda ya kai shi sanin wannan fanni. Ya ce ba sai kowa ya riƙe littafi ba, a Ingila an daina wannan wahala. A cikin barci ake koyo yanzu. Mutum ya ci abincin rana ya miƙe ƙafa, shi kuma ya riƙa zuba masa kalmomi ta lasifika, Turanci da namu, Turanci da namu, sai ya farka ya ji bakinsa yana yi da kansa.

Na ce, “Švagor, mijin yaya, kai a barcin ka koyi naka? Shi ya sa bai tashi daga kan gado ba.”

Ya ce, “Otília, ke karanta abin da aka rubuta miki kika iya. Wannan aikin masu ƙwaƙwalwa ne.”

Pani starostka mace ce mai hankali, amma tsoron kunya ya rufe mata ido. Ta ce an ba shi mako ɗaya, darasi uku. Ranar Asabar da yamma za ta tambayi mutum goma, in suka iya kai baƙo makwanci da Turanci, makulli ya zama nasa har abada. Ina ji ina gani Teta ta cire shi daga wuyanta ta miƙa masa. Ta so ta nuna masa yadda na'urar take da bambancin fayafayan, ya ɗaga mata hannu, ya ce shi da ya tuƙa injin ɗaga katifa a Ingila ba wannan ɗan akwati ne zai ba shi wuya ba. Na koma gida raina a ɓace, ko miya ban iya sha ba.

Darasin farko Lahadi ne. Kowa ya cika ciki da miyar kaza da soyayyen nama da dankali, gari ya yi tsit, har kaji sun lafe. Ƙarfe ɗaya da rabi Vendelín ya murɗa ƙarar na'ura har ƙarshe, don a lissafinsa kunnen mai barci yana da nisa. Sai muka ji kamar an tsage sama.

“Filo! Vankúš! Filo! Vankúš!”

Matashi ke nan, da Turancinsa da namu. Karnukan gari suka ɗauka gaba ɗaya. Tagwayen gidan mai gyaran takalma, da uwarsu ta sha wuya kafin ta kwantar, suka tashi da ihu. Fada, limamin coci, da kansa ya leƙo ta taga da rigar ciki. Vendelín bai san ana yi ba, ya wuce bargo, ya wuce zanen gado, ya shiga hamma, har yana yin ta da ƙarfi don misali. Gejza mai kiwon zuma, wanda lasifika ɗaya take daidai tagar ɗakinsa, ya fito ba takalmi, ya jingina tsani, ya hau ya cusa matashinsa a bakinta.

Da yamma a mashaya aka taso Vendelín da maganar, aka ce ko mutum ɗaya bai runtsa ba. Ko gezau. Ya ce a duba abin da idon basira. Shi ya ambaci matashi da Turanci, mutum ya fito riƙe da matashi, ba bargo ba, ba tukunya ba. Wace shaida ake nema kuma? Gejza ya ce in ya sake, katifa zai hau da ita. Vendelín ya ciro takarda ya rubuta cewa Gejza ya kusa shiga darasi na biyu.

Ranar Laraba ya sauya dabara, ya koma raɗa. Abin da ke fitowa daga lasifika sai wani shuu-shuu kamar ana shara a nesa. Mu kuwa a Jelšinka ba a barin lasifika ta yi magana ba a ji ba, don wata rana ruwa ne za a ɗauke. Sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa gindin falwaya, hannu a bayan kunne. Wata ta ce ta ji an ambaci wuta, nan da nan ta koma ta kwashe naman firij ta dafa. Wasu suka cika bokitai da baho. Duk garin a tsaye cikin rana, shi kuma yana can yana raɗa mana yadda ake cewa barci mai nauyi.

Ana cikin haka mai motar kaji ya iso. Sau biyu yake zuwa a shekara da kajin ƙwai 'yan wata huɗu, kuma tun watan Maris mata suke jiran sa, kowace ta wanke akurki. Al'adarsa ya miƙa takarda ta tagar ofis, a sa kiɗa mai sauri a sanar, ya tsaya minti ashirin gaban kanti ya wuce. Ya ƙwanƙwasa taga, Vendelín ya sa yatsa a baki. Ya nuna takarda, Vendelín ya ja labule. Mutumin ya jira iya jiransa a bayan kanti inda inuwa take, bai ga kowa ba, ya tayar da mota. Matan da suke gindin falwaya ƙeyar motar kawai suka hango tana hawa gada, kaji suna leƙowa.

Ban taɓa ganin matan Jelšinka sun haɗa kai irin na ranar ba. Da kwanduna a hannu suka nufi gidansa, ni ma na bi, ba don kaza ba. Yaya Hedviga ta fito tana ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Shi kuwa ta tagar sama ya leƙo, ya ce ilimi ba ya tsayawa don kaza, a Ingila ƙwai a kanti ake saye. Wata ta tambaye shi yadda ake cewa ƙwai da Turanci, tunda sai Oktoba za ta ga nata. Ya ce wannan yana darasi na gaba, ya rufe taga.

Kwana biyu bai kwana gida ba, yana rumbun ciyawar Fada a ɓoye, yana tsara darasin ƙarshe da fitilar hannu. Na gamu da shi Asabar da hantsi, idanunsa jajir, yana tura baro. A cikin baron ga katifar Ingila, ga matashi, ga bargon gashin dinya, ga fulas.

Na ce, “Švagor, ƙaura za ka yi, ko Yaya ce ta gaji?”

Ya ce ya gano inda matsalar take. Malamin barci ba ya koyarwa a tsaye, dole muryar ta fito daga kwance, kuma dole a fara da kiɗa mai sanyaya jiki. Fulas ɗin shayin furen bishiyar lipa ne, mai sa barci, ya ɗan ɗiga barasa a ciki don murya. Ya ce in shirya taya shi murna, kuma in ina so zai riƙa ba ni sanarwar kabeji ina karantawa.

Na ce, “Kada barcin ya ɗauke malamin.”

Ya yi dariya har baron ya karkace. “Ni? Ni barci sai na ba shi izini.”

Abin da ya yi a cikin ɗakin daga baya muka haɗa labarinsa. Ya kulle ƙofa ta ciki don kada mata su dame shi, ya sa makulli ƙarƙashin matashi. Ya toshe kunnuwansa biyu da robar Ingila don kada ya ji bugun ƙofa. Ya duba fayafayan Teta, ya ga ɗaya ta rubuta masa “a hankali” da biro, ya ce ga abin da yake nema. Ya sa shi, ba ya jin ko ɗigo, yana kallon agogo. Sannan ya sha shayi, ya jawo abin magana kusa da matashi, ya ja bargo har haɓa.

Ina yanka albasa na ji kiɗan rasuwa. Wuƙar ta tsaya a hannuna. Duk garin ya tsaya, maza suka cire hula, kowa yana lissafin tsofaffi da marasa lafiya. Kiɗa ya ƙare. Sai wata murya can ƙasa-ƙasa, a daƙushe, ta ce, “Vendelín Kocúr…”

“Ne ke magana” ya so ya ce. Hamma ta katse shi, barcin kwana biyu ya yi awon gaba da shi. Mu dai sunan muka ji, daga nan ba ƙari.

Mai kaɗa ƙararrawar coci bai jira umarnin kowa ba, ya kama igiya. Matan da suka yi rantsuwa a kan kaji suka shiga gida suka ɗauro baƙin ɗankwali, wata tana cewa ai mutumin kirki ne, baki ne kawai. Aka tambayi wa ya yi sanarwar tunda shi ke da makulli. Gejza ya ce shi ne mana, ya ji zai tafi ya sanar da kansa don kada a ba wani aikin, kuma wannan halinsa ne sak. Ba wanda ya musa.

Yaya Hedviga ta taho da gudu tun daga rafi, hannunta duk gari, takalmi ƙafa ɗaya. Kukan da take yi na gaske ne, har ya karya mini zuciya, na rungume ta ni ma ina hawaye. Kuma in faɗi gaskiya, a tsakiyar hawayen makullin ya faɗo mini a rai, na ji kunyar kaina har yau. Aka taru a ƙofar ofis, aka buga, aka kira, shiru. Makulli ɗaya ne tak, abin kashe na'ura ma yana ciki. Pani starostka ta aika a kira 'yan kwana-kwana, Fada ya fara addu'a, muka sunkuyar da kai.

Muna tsakiyar addu'ar ne lasifika ashirin da uku suka ja numfashi tare.

Ya fara kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ya hau, ya hau, ya tsaya cak har ka ce ya ƙare, sannan ya sauko da wani fito mai tsawo. Tagogin kanti suka yi rawa. Karnuka ma wannan karon ba su yi haushi ba, ƙarƙashin benci suka shige. Dutsen bayan gari yana maido da na farko, na biyu yana tafiya. Fada ya yi ƙoƙarin ci gaba da addu'a, kafaɗunsa suka ƙi ba shi haɗin kai.

Yaya Hedviga ta daina kuka. Ta saurara sau ɗaya, ta saurara sau biyu. Ta share fuska da gefen riga, garin hannunta ya shafe mata goshi, ta juyo ta fuskanci jama'a.

Ta ce, “Kun ji?”

'Yan kwana-kwana sun iso da ƙarfen ɓalle ƙofa, ta tare su da jikinta. Ta ce ba wanda zai taɓa ƙofar nan sai an yi minti goma. Ita shekara talatin da ɗaya ta yi tana ji, gari ya ɗan taya ta. Ta bi mutane ɗaya-ɗaya, tun daga pani starostka har mai ƙararrawa, tana tambaya ko munsharinta ne wannan, kowa yana cewa a'a. Da ta zo kan Fada ta tambaye shi, tunda ya yi karatu, yadda ake kiran wannan abu da Turanci, don ba ya cikin takardar mijinta. Ya goge ido ya faɗa mata. Ta maimaita da ƙarfi, ta haɗa da namu yadda Vendelín yake yi. Jama'a suka ɗauka, duk sanda lasifika ta ja, su amsa. Mata da baƙin ɗankwali suna riƙe da ciki, Gejza ya zauna a ƙasa.

Da minti goma suka cika aka cire ƙofar daga maƙalanta. Ga shi nan miƙe a katifar Ingila, baki buɗe, abin magana a ƙirjinsa. Yaya ta zare robar kunnensa ɗaya. Ya buɗe ido, ya ga ɗaki cike da mutane cikin baƙaƙen kaya, ya tashi zaune ya tambaya wa ya rasu, kuma me ya sa ba a kawo masa takarda ya sanar ba.

Gejza ya ce, “Kai ne. Amma ka fasa.”

Ko da aka ba shi labari bai sauko ba. Ya ce shi idonsa biyu, rufewa kawai ya yi don misali, ƙarar da aka ji kuwa tsohuwar waya ce take gurnani. Mutum shida suka ɗaga wayoyin hannu suka kunna masa. Ya saurara ya ce wannan ai muryar Hedviga ce. Aka nuna masa Hedviga a tsaye.

Pani starostka ta ce tunda an taru, ba sai an jira yamma ba, a yi jarrabawa. Ta nuna mutum goma, ta ce kowa ya kai baƙo makwanci da Turanci. Suka dubi juna, suka buɗe baki tare.

“Sinowa! Chrápať!”

Munshari ke nan, da Turancinsa da namu. Abin magana yana kunne, don haka har gada an ji. Vendelín ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce wannan kalma ba ta cikin manhaja. Sai kuma fuskarsa ta washe, ya ce amma a lura, mutum goma sun koya cikin minti goma, kuma ta hanyar barci, kamar yadda ya yi alkawari. Pani starostka ta ce alkawarin su ne za su yi barcin. Ta miƙa hannu. Ya lalube aljihu, ya lalube safa, ya fara cewa wataƙila makullin ya bi wani. Yaya Hedviga ta ɗaga matashi ta ɗauko, ta ajiye a tafin shugaba, shugaba ta juyo ta ajiye a nawa. Da ɗuminsa na karɓe shi, kuma zaren yana aljihuna tun safe.

Shi ya tura baronsa zuwa gida, rabin gari na biye. Da suka isa Yaya ta ce kada ya wahalar da kansa shigar da katifar, ya wuce da ita rumfar itace ta bakin rafi, can ruwa zai taya shi. Ya ce dama a Ingila manyan mutane ɗakinsu daban, shi ya daɗe yana son kawo tsarin. Ta karɓe kwalin robar daga aljihunsa.

Litinin da safe na buɗe ɗakin da makullina, an mayar da ƙofa. Ina goge ƙurar abin magana sai ga Yaya ta ƙwanƙwasa taga. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kumburin idon nan duk ya saɓe. Ta ce sai ƙarfe takwas ta farka, a kan gado, har mafarki ta yi, ta ma manta yadda ake yi. Ta miƙo mini takarda a ninke. Na karanta. Na duba faifan sau biyu don in tabbata mai saurin ne, na sa, na jira ya ƙare, sannan na yi sanarwata ta farko.

“Jama'ar Jelšinka, Hedviga Kocúrová tana sanar da cewa akwai bencin kicin a ƙofar gidanta, mai ƙwari ne, an kwana a kansa shekara talatin da ɗaya. Duk mai so ya zo ya ɗauka kyauta. Ta ce ba ta bukatarsa kuma.”